Filin Makanike: Ƙaramar Mota Mai Ogzileri don Hanyar Gona da Daji

Wasiƙun wannan watan sun karkata waje guda: ƙananan motoci na hannu masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda direbobi a Najeriya ke cewa masu ogzileri, a Nijar kuma a ce kat-kat. Mun zaɓi shida.

Assalamu alaikum. Ina da gona a fadamar da ke tsakanin Gashuwa da Nguru. Da rani rairayi, da damina taɓo, kuɗina kuma bai kai na Hilux ba. Dillali ya nuna mini RAV4 tsohuwar yayi da Suzuki Grand Vitara ta 2002, ya ce kuma zai iya nemo mini Jimny daga Kwatano. Wacce zan ɗauka, me kuma zan duba kafin in biya?
Manomi daga Gashuwa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar fenti da kujeru tukuna, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar. Abu biyu ake nema a motar fadama. Na farko shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani da aka ɗora bodi a kansu. Na biyu ƙaramar giyar ƙarfi, wadda ake rubuta wa 4L. Ita ce ke rage gudu ta ninka ƙarfin ja, har mota ta yi rarrafe a taɓo ba tare da ka ƙona kuloci ba.

RAV4 ta farko, ta 1994 zuwa 2000, mota ce mai juriya, kayanta kuma ko a ƙauye ana samu. Amma ba ta da shasi daban, ba ta da 4L, wasu daga cikin waɗanda aka kawo daga Amurka ma ƙafar gaba kaɗai ke ja. Ta dace da hanyar burji. Taɓon fadama a watan Agusta ya fi ƙarfinta.

Grand Vitara ta 1998 zuwa 2005 tana da shasi da 4L, tana da fili, inji kuma ko mai lita 2.0 ko V6 mai lita 2.5. Jimny ta yayin 1998 zuwa 2018 ta fi ta iya shiga mugun wuri saboda sauƙin nauyi: kusan kilo 1,100 ce, aksul ɗinta na gaba da na baya kowanne sanda guda ne, ga ta gajeriya. Inda babbar mota ke nutsewa, ita sai ta taka ta wuce. Sai dai abin da aka yarda ta ɗauka, har da mutanen ciki, kusan kilo 350 ne. Kai da yaronka kun cinye 140, saura buhun taki huɗu. Tun da noma kake yi, Grand Vitara ta fi maka, kuma kayanta sun fi na Jimny samuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna.

Yanzu ga dubawa. Ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba, da tocila da ƙaramar guduma. Ku bi shasi daga gaba zuwa baya kuna ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amo. Wanda tsatsa ta ci sai ya yi ƙarar kwali, ɓawo na zubowa. Motocin Turai da Kanada sun sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, tsatsarsu daga ciki take cin ƙarfe. Ku tsananta a inda sifirin ke zama, da inda hannuwan aksul ke kama shasi, da inda bodi ke ɗaure. In Jimny ce, ɗaga shimfiɗar but ka duba ƙasan, ka kuma leƙa bayan fitilun gaba. Baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashin tsohuwar mota, sau da yawa rufa-rufa ce.

Ka tabbatar da idonka cewa farfelar gaba tana nan. Akwai Grand Vitara da aka ƙera ba ogzileri tun daga kamfani, akwai kuma wadda aka cire wa farfela don a ɓoye lalacewa. Sannan ku fita kan turɓaya, ba kwalta ba. Tsaya cak, taka kuloci, sa 4L da giya ta ɗaya, saki kuloci ba tare da ka taɓa totur ba. Ya kamata ta yi tafiyar da mai tafiya a ƙasa zai wuce ta. Sa wani ya tsaya a gefe ya ga ko ƙafar gaba na tono ƙasa in ka ba ta wuta a rairayi. A Grand Vitara ta wannan yayin, wani ɗan famfon iska ne ke haɗa aksul na gaba. In ya mutu, libar ogzileri za ta shiga amma gaba ba zai ja ba.

Ka sa a bar maka injin ya kwana a kashe, kai ka fara tayar da shi. Ƙarar kaca-kaca ta 'yan daƙiƙu daga gaban inji alama ce sarƙar taimin ko abin da ke ɗame ta ya gaji, kuma a V6 aikin ba ƙarami ba ne. Buɗe marfin baƙin mai: farin kumfa kamar madara na iya nufin ruwa na haɗuwa da mai.

Abu guda da ba ma sassauci a kansa shi ne juyayyen sitiyari. Jimny da yawa daga Japan ko Ingila suke fitowa da sitiyari a dama, kuma dokar Najeriya ba ta yarda da irinsu a titi ba, sai a juya a bakin hanya. Dubi inda akwatin sitiyari ke ɗaure a shasi: in ka ga walda, ko bututun birki an yi masa haɗi, ko dashbod an yanka an liƙa, bar ta komai arha. Waldar da ta jure kwalta ba lalle ta jure gargada ba. Ka gwada lambar shasi da ta takardun kwastan harafi bayan harafi. Kuma kada ka zube duk kuɗinka a saye. Riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar don mai, birki, bush-bush da taya, domin ba wata 'yar Kwatano da ba ta buƙatarsu.

Salam. Jimny ɗina ta 2003 ce. Da na kai gudun 70 zuwa 80 na taka ɗan rami, sai sitiyari ya kama kaɗawa kamar zai fizge daga hannuna, ba ya dainawa sai na rage gudu sosai. An yi balansin taya sau biyu, bai daina ba. An ce in sa shokozobar sitiyari.
Mai karatu daga Jos

Ɗan'uwa, ka daina dogon gudu da ita sai an gyara, musamman a gangaren Hawan Kibo. Wannan ciwo sananne ne a Jimny, kuma mafi yawa daga kimfin yake tasowa.

A kowane ƙarshen aksul na gaba akwai wani ƙwallon ƙarfe da ƙafar ke juyawa a kansa. Boris biyu ke riƙe da ita, ɗaya sama ɗaya ƙasa, huɗu ke nan a motar. Ƙanana ne. Robar da ke share ƙwallon tana tsufa, ruwa da yashi su shiga, ko kuma sil ɗin cikin aksul ya yi yoyo man giya ya wanke giris. Boris ya yi tsatsa, ƙafa ta sami ɗan sako-sako, rami ya taɓa ta, sai ƙafafun biyu su kama jifan juna ta sandar sitiyari.

Gwajin ba wuya. Ɗaga ƙafar gaba da jak, ka tokare motar da abin da ba zai zame ba. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. In ka ji motsi, sa wani ya taka birki ka sake. Motsin ya ɓace, boris ɗin wili ne; yana nan, kimfin ne. Dubi ƙwallon ma: in ya jiƙe da baƙin mai mai wari, sil ya tafi.

A canza ɓangarorin biyu rana guda: boris huɗu na kirki irin Koyo ko NSK, sil na aksul biyu, da robobin ƙwallo. A fitar da tsofaffin zoben boris daga mazauninsu, kada a ɗora sabon boris a tsohon zobe, wanda shi ne ha'incin da ke dawo da ciwon bayan wata biyu. A cika giris mai jure ruwa. In ƙwallon ya yi ƙuraje da tsatsa a goge shi da samfefa mai laushi, don kada ya yage sabuwar roba.

In an gama kaɗawar ba ta tafi duka ba, a bi bush ɗin sandar da ke riƙe aksul ta gefe, wadda ake kira fanhad, sai bush na hannuwan aksul, sai kawunan tayarod, a kuma duba ko wili ya lanƙwashe ko busasshiyar laka ta maƙale a cikinsa. Shokozobar sitiyari tana da amfani a gargada, amma in aka sa ta kan mataccen boris, ɓoye ciwon kawai take yi yana ci gaba da ci.

Ranka ya daɗe, ina zirga-zirga tsakanin Gembu da ƙauyukan tsaunin Mambila da Jimny. Cikinta na taɓa ƙasa a kwazazzabai. Mai walda ya ce zai ɗaga mini ita inci huɗu da guntayen ƙarfe, in sa taya 235/75 R15. Ya kuka gani?
Malamin asibiti daga Gembu

Malam, Allah ya saka da alheri kan aikin da kake kai wa ƙauyuka. Shawarar mai walda kam kada ka ɗauka.

Fara da gane abin da ke taɓa ƙasa. In tukunyar aksul ce, ɗaga sifirin ba ya ƙara mata ko milimita ɗaya, domin aksul a kan taya yake zaune. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Tayar kamfani 205/70 R15 ce, tsayinta milimita 668, kuma tsakanin aksul da ƙasa 190. Taya 215/75 R15 tana da 703, wato ka ƙaru da kusan 18. Ita 235/75 tana da 733, ƙarin kusan 33, amma ta fi ta asali girma da kashi 10 cikin ɗari, kuma wannan kashi goman daga ƙarfin inji da birki ake cire shi. Injin lita 1.3 ne. A hawan da kake yi da giya ta uku za ka koma ta biyu, giya ta biyar ta zama ado, kuloci ya riƙa wari, agogon gudu ya nuna 80 kana kan 88. A saman tsauni kuma iska ba ta da kauri, inji ya riga ya rasa wani ƙarfin. Ga gugar bodi in ka karya sitiyari. Mu dai 215/75 R15 muke ba da shawara, mai manyan haƙora saboda jar lakar Mambila mai santsi, guda biyar har da tayar ajiya, duk iri ɗaya.

Ɗagawa kuma, milimita 50 ta isa, wato inci biyu, kuma da kayan da aka yi don haka: sifirin huɗu masu tsawo, shokozoba huɗu da suka dace da tsawon, da dogayen robobin birki. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa. Ƙafa ta faɗa rami, aksul ya sauka, gajeriyar roba ta ɗame ta tsinke, birki ya tafi a kan gangare. Ɗagawa tana kuma murɗa aksul na gaba ta rage abin da masu alaimen ke kira kasta, wanda shi ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. In ba a gyara shi da bush ko hannuwa na musamman ba, motar za ta riƙa yawo a titi, kaɗawar sitiyari ma ta samu ƙofa. Aksul zai kuma ja gefe guda kaɗan, sai an sa fanhad mai daidaituwa.

Inci huɗu a kan mota siririya mai gajeren tsakani, a hanyar da ke kwance a gefen tsauni, neman kifewa ne. Haka lodin kan rufi: kilo 30 kamfani ya yarda, jarka biyu ta fetur sun riga sun wuce. Kada kuma ka bari a ƙera maka bamba ta ƙarfen gini mai kilo sittin. Rashin nauyi shi ne duk dukiyar wannan motar. In akwai ƙarfen da ya cancanci a ƙara, faranti ne mai kaurin milimita 4 zuwa 5 a ƙarƙashin giyabos na ogzileri, a ɗaure shi da noti don a iya cirewa.

Masu Vitara da Grand Vitara su lura: ƙafafunsu na gaba kowace da shaf ɗinta, ba sanda guda ba. In ɗagawa ta wuce milimita 40 zuwa 50, kan shaf yana karkacewa ya yage roba, taya kuma ta ci gefe guda.

Barka da aiki. Kat-kat ɗina Jimny ce. A rairayin hanyar Tanut tana kafewa ko da fitilar ƙafa huɗu na kunne, ƙafar baya kaɗai nake gani tana tono. Allurar zafi kuma tana hawa.
Mai karatu daga Damagaram

Barka kadai, Malam. Matsala uku ce ta haɗu maka.

Ƙafafun gaban Jimny da zuƙar iska daga inji ake kulle su, ta wasu siraran bututu da ke bin aksul zuwa hob, wato makullin da ke tsakiyar wili. Bututun ya tsage, ko sil na bayan hob ya saki, sai farfela ta juya amma ƙafa ba ta kama ba. A tsofaffin masu liba, fitila na iya kunnuwa duk da haka. Ka gwada: inji na aiki, sa 4H (ƙafa huɗu a giyar gudu), ja birkin hannu, ɗaga ƙafar gaba guda ka juya ta da hannu. In ta juya sakayau, hob bai kama ba. Ana iya bin bututun a canza, amma mai yawan shiga daji gara ya sa hob na hannu, irin Aisin ko AVM, noti shida kowane gefe. Kafin rairayi ka sauka ka murɗa su, ka koma kwalta ka sake su. A toshe tsofaffin bututun da kyau, musamman a motocin 2005 zuwa sama masu maɓalli, domin na'urarsu sai ta ji zuƙar ta cika kafin ta yarda ta shiga 4L.

Na biyu iskar taya. Masu faci kan ɗura 35 ko 40 a ma'aunin PSI kamar motar haya, alhali Jimny ba kaya 23 a gaba da 26 a baya take so. A rairayi mai laushi sauke zuwa 15. Tayar sai ta shimfiɗu ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi, ta hau kan yashi maimakon ta huda shi. Kada ka yi ƙasa da 12, kada ka wuce gudun 40, kada ka karya kwana da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga wili. Wannan na nufin geji da famfo mai aiki da batir su zauna a motar, domin tafiya a kwalta da taya mara iska tana dafa ta har ta fashe. Ka tashi da 4L giya ta biyu ko ta uku, totur daidai ba fizga. Da ka ji ta fara nutsewa ɗaga ƙafa. Ƙarin wuta ƙarin rami ne. Koma da baya a kan sawunka, ko ka share gaban tayoyi da shebur.

Zafi kuma, a rairayi inji na aiki da ƙarfi iska ba ta shiga. A wanke lagireto ciki da waje, a busa ƙaiƙayi da ƙura daga tsakaninsa da na na'urar sanyi, a duba fanka da marfin lagireto. In an cire tamostat, kamar yadda ake yawan yi da sunan maganin zafi, a mayar. A zuba ruwan lagireto na gwangwani. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo ya toshe hanyoyi. Ka lissafa mai da kyau: tankin lita 40 ne, kuma shan da ke kusan lita 8 a kilomita 100 a kwalta yana iya kusan ninkawa a yashi.

Assalamu alaikum. Maigidana ya ce in bar Vitara a 4H duk damina don kada ta zame a titi. Yanzu in na karya kwana sai ta riƙa cijewa, liba kuma ta ƙi fita.
Hajiya daga Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Niyyar Alhaji mai kyau ce, sai dai wannan motar ba a yi ta don haka ba. A 4H gaba da baya a kulle suke tare, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya nisan tafiya. A laka taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kwalta, ko da jiƙaƙƙiya, ƙarafan ciki ne ke murɗewa. Ki sami turɓaya, ki miƙe sitiyari, ki yi baya kamar mita goma, libar za ta saki. A titi 2H, wato ƙafar baya kaɗai ke ja, sai tayoyi masu kyau da rage gudu. In bayan haka kin ji ƙara ko rawa daga ƙasa, a duba mahaɗan farfela.

Na ƙetare rafi ruwa ya kai rabin ƙofa, mota ta fita lafiya. Bayan mako biyu aksul na baya ya fara kuka. Ko bututun shaƙar iska na sama zai hana haka?
Mai karatu daga Mubi

A'a, Malam, wancan bututun inji kaɗai yake karewa. Kowane aksul yana da ɗan hancin numfashi a samansa. Aksul ya yi zafi da tafiya, ka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta sil. Kwance notin ƙasa yau ɗin nan: in mai ya fito kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. A juye na aksul biyun, a zuba 80W-90 mai alamar GL-5, kusan lita 3 ke nan a Jimny, a yi tafiyar kwana biyu a sake juyewa. A duba giyabos da na ogzileri, su kuma 75W-90 mai alamar GL-4. In kukan bai daina ba boris ya riga ya ci, sai an buɗe.

Rigakafin ba tsada: a cire murfin hancin, a sa siririn tiyo mai jure mai, a ɗaure da kilif, a ja shi sama zuwa cikin bonet, a sa ƙaramar matatar fetur a bakinsa. A bar masa rara yadda ba zai tsinke ba in aksul ya sauka. Nan gaba ka tsaya minti goma ƙarafa su huce, ka shiga da ƙafa da sanda ka auna. Ruwan da ya wuce tsakiyar wili ya fara zama haɗari ga aksul, mai gudu kuma da ya kai gwiwa yana iya ɗaukar mota mara nauyi irin wannan. In ruwa ya kashe inji a tsakiya kada ka sake murza makulli; a jawo ta, a cire fulogi, a juya injin ruwan ya fita. Wajen jan kuma a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a bamba ko ƙwallon tirela ba, mutane su ja baya nesa da igiyar.